Gadon Barde Ginsau

Wanda ya bi ta kufan Gambaza yau ba abin da zai tarar sai tsofaffin kukoki, da ramukan marina da ƙasa ta cike, da guntun ganuwa wadda awaki ke hawa su kwanta. Amma waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu sun ce birni ne da in fatake suka hango hayaƙin maƙerunsa daga nesa sai su tsaya su gyara naɗin rawani kafin su ƙarasa. Sun ce ruwan rijiyoyinsa garɗi gare shi, kasuwarsa ba ta watsewa sai an kira magariba, kuma mutanensa suna da wani alfahari guda da ba sa gajiya da faɗa wa baƙo: tun da aka kafa Gambaza ba ta taɓa kai wa wani sarki gaisuwar tsoro ba.

A zamanin Sarki Dambo aka yi wani barde a birnin, sunansa Ginsau. Jarumi ne, amma ba takobi kaɗai ya fitar da sunansa ba. Yana da garken dawaki waɗanda ya haɗa irinsu da kansa, har ya zama in an ce wannan dokin Ginsau ne a kasuwar wata ƙasa, mai saye ba ya ƙara duba haƙoransa. Yana da rumbuna a jere, da ɗaki guda na sulke da lifidi, da wata babbar gona a Rafin Ɗinya. Amininsa tun suna yara shi ne Galadima Tunau. A yaƙin da Gambaza ta yi da mutanen Kudumi a Mashigin Giginya aka soki Ginsau da mashi. Kafin ya cika ya kama hannun Tunau a gaban shaidu ya naɗa shi wasiyyinsa, ya danƙa masa dukiyarsa duka da 'ya'yansa biyu, Tasalla da ƙanenta Mayana, ya riƙe har su mallaki hankalin kansu. Daga wannan yaƙi Kudumawa ba su sake ƙetaro gulbi ba, mutanen Gambaza kuwa suka ce tsoro ne ya ɗaure su.

A gidan Galadima Mayana ya tashi. Tunau ne ya fara ɗora shi a kan sirdi, shi yana ƙasa riƙe da linzami yana zagaya barga da shi, babban mutum kamarsa, rigarsa tana jan ƙasa. Akushi ɗaya suke ci. Da la'asar in jama'a sun watse sai ya zaunar da shi gefensa a zaure ya ba shi labarin mahaifinsa, yadda yake dariya har ya dafa ciki, yadda yake magana da goɗiya kamar mutum. Mayana bai san wani uba ba sai shi, Baba yake kiransa. Har ya girma, ya tsai da gemu, ya fita hari ya dawo, bai taɓa buɗe baki ya tambayi gado ba. In ya yi cigiyar dawakin don marmari, akan ce an kai su makiyaya can arewa saboda ƙudan tsando, shi ke nan maganar ta wuce.

Tasalla ce ta tayar da ita. An aurar da ita a wani ƙauye mai nisa, sai gobara ta tashi ta cinye gidan mijinta da rumbunansa. Ta zo birni da goyo a bayanta ta sami ƙanenta.

"Mayana," ta ce, "ni ba roƙo na zo yi ba. Ubanmu ya bar abu, ina da rabo a ciki. Ko kaɗan ne a faɗa mini in san inda na tsaya. Kai ke shiga zaure, ka tambayar mana Baba."

Mayana ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. Ran nan da hantsi ya tarar da Galadima shi kaɗai, ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana wasa da bakin tabarma kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Tunau ya ce, "A buɗe rumbunana a ɗibar mata hatsi, iya abin da jakuna za su iya ɗauka."

"Ta ce ba kyauta take nema ba, Baba. So take ta ji abin da mahaifinmu ya bari, da abin da ya fita, da abin da ya rage."

"Kai fa?"

Mayana ya sunkuyar da kai. "Ni ma ina so in ji."

Tsohon ya dube shi. Can ya ce a bari kaka ta wuce. Da kaka ta wuce ya ce a bari sanyi ya sauka. Tasalla tana nan zaune a gidan wata gwaggonsu, ta ƙi komawa. Da bazara ta kama Mayana ya sake durƙusawa, wannan karon Tunau bai nemi wani uzuri ba.

"Ɗana," ya ce, "ba zan yi maka bayani ba. Ba yau ba, ba gobe ba. In kana so ka kai ni ƙara, hanyar fada ba baƙuwarka ba ce. Ba zan riƙe ka a zuciya ba."

A shekarar ce shamuwa ta zo ta yi shawagi a kan rimin ƙofar fada, inda ta saba sauka tun kaka da kakanni, ta wuce ba ta sauka ba. Tsofaffin mata suka riƙa kallon rimin suna girgiza kai. Malaman fada da aka tambaya suka ce a yi sadaka, wani babban gida zai zama kango kafin a ci sabon gero.

Ranar da Mayana ya kai ƙara fada ta cika. Sarki Dambo na bisa karaga, Waziri na damansa, Madawaki Bagudu shugaban mayaƙa na hagunsa, Alƙali Ɗalhatu na zaune kan buzunsa kusa da ginshiƙi. Galadima Tunau na wurin zamansa, ya rufe baki da amawali. Mayana ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi buƙatarsa, bai ɗaga ido ya dubi inda tsohon yake ba.

Waziri ne ya fara magana. "Allah ya ja zamanin Sarki. Wannan yaro a cinyar Galadima ya yi wayo. Tuwonsa ya ci, rigarsa ya sa, a kan dokinsa ya koyi zama. Yau ya jawo shi gaban jama'a kamar wanda aka kama a gonar wani. In muka buɗe wannan ƙofa, wa zai sake yarda ya riƙe ɗan amininsa? Ginsau ya amince da Tunau yana kan gargara. Wanda uba ya amince da shi, ɗa ba ya da bakin tuhumarsa."

Fadawa suka yi guna-guni na yarda. Sarki ya gyaɗa kai da sauri, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, a bar maganar a gida. Sai Alƙali ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, a ba ni dama. Waziri ya yi maganar kunya, kunya kuwa aba ce mai kyau, amma ba ita aka kawo gabanmu ba. Yaron nan bai ce an cuce shi ba. Cewa ya yi a gaya masa. Wasiyyi amintacce ne, ba mai musu, amma dukiyar da ke hannunsa ba tasa ba ce, ajiya ce. Ranar da magaji ya balaga ya yi hankali, haƙƙinsa ne ya ji abin da aka karɓa, da abin da aka kashe, da dalilin kashewar, da abin da ya saura. Ba sai ya kawo zargi ba, ba sai ya roƙa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai 'yar'uwarsa, wadda ba ta ci tuwon kowa ba tun da ta yi aure. Tuwon da Galadima ya ciyar Allah zai biya shi, amma ba ya rufe bakin magaji."

Madawaki Bagudu mutum ne marar son doguwar magana. Ya ce, "Zaki, ni ma ina da buƙatar ji. Duk sa'ad da na auna ƙarfin Gambaza, da dawakin Ginsau nake aunawa, da sulkensa, da hatsinsa. An ce suna arewa. Ni dai shekara da shekaru ban ga ko ɗan duƙushi daga cikinsu ba."

Tunau ya sauke amawali daga bakinsa, ya dubi Sarki sau ɗaya, sannan ya mai da idonsa ƙasa.

"Babu dawaki," ya ce. "Babu sulke, babu lifidi. Rumbunan ba kome a cikinsu."

Alƙali ya ce, "Ina suka tafi, Galadima?"

"Ba ni da abin da zan ƙara, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya buɗe baki zai sake tambaya, Sarki ya ɗaga hannu. Ya ce ya ji abin da ya ishe shi, mutumin da ya ci amanar mamaci ba zai riƙe sarautar Gambaza ba. Nan take ya umarci Sarkin Dogarai ya warware rawanin Tunau. Aka warware shi a gaban jama'a, naɗi bayan naɗi, har furfurar tsohon ta bayyana. Mayana bai taɓa ganin kan nan a buɗe a wajen gida ba. Ya ji kamar nasa tufafin aka tuɓe. Tsohon ya miƙe, ya faɗi ya yi gaisuwa kamar kullum, ya fita a ƙafa ba mai bin bayansa. Mayana ya kwashe kayansa daga gidan a ranar, ya koma wajen gwaggonsu. Ya sami abin da ya nema, amma abinci ya ƙi shiga cikinsa.

Ba a jima ba, ruwan farko ya sauka, sai ga jakadan Sarkin Kudumi a ƙofar fada. Bai tuɓe takalmi ba sai da dogarai suka matsa masa.

"Sarkin Kudumi yana gaishe ka," ya ce. "Ya ce abin da aka saba aika masa kowace kaka, kakar da ta wuce bai gani ba. Ya yi haƙuri har damina ta kawo kai. In mantuwa ce a tuna. In ƙi ne, zai zo ya ɗauka da kansa."

Hakimai suka dubi juna. Sarki Dambo ya miƙe tsaye a kan karaga, abin da bai saba yi ba.

"Gambaza ba ta taɓa aika wa kowa kome ba. In wani ya yi ciniki da ku a ɓoye, ga shi can mun tuɓe shi. Koma ka gaya wa ubangidanka gulbi yana nan inda ya bar shi."

Kafin azahar labari ya gama gari, cewa Tunau ya daɗe yana sayar wa abokan gaba dawakin marayu. Yara suka riƙa jifan ƙofar gidansa. Mayana ya bi ta wajen sau ɗaya, ya ga zauren da ya girma a ciki a rufe, ya sake hanya.

A zaman shawarar yaƙi Waziri ya ce a rufe ƙofofi a jira su a bayan ganuwa. Madawaki ya ƙi. Ya ce birnin da rumbunansa ba hatsi ba ya jure a yi masa zobe.

"Da ba a yi shari'ar nan ba," ya ce, "da na fita fili da niyyar karo doki da doki, ina jiran dawakin da babu su, da an tattake mu kafin rana ta take. Yanzu na san abin da ke hannuna. 'Yan baka nake da su, da masu mashi, da gulbin da ya fara kawo ruwa. A Mashigin Giginya zan tare su, a ƙasa, inda laka za ta kama ƙafar doki."

Haka aka yi. Sarki ya fita da rundunar, ya tsaya bisa wani tudu ƙarƙashin laima, da dogarai da tambura. Alƙali ma ya biyo, don al'adar Gambaza ce shi ke raba ganima. Madawaki ya ɓoye 'yan baka cikin ciyawar bakin ruwa da bayan giginyu, ya jera masu mashi da garkuwa a gaɓa. Ya ba Mayana jagorancin hagu, inda mahaifinsa ya tsaya a wancan yaƙi.

Da hantsi Kudumawa suka bayyana a ƙetare. Mahayansu suka sauko cikin ruwa sahu bayan sahu, lifidi har gwiwar doki. Mayana ya zuba wa dawakin ido. Ya san wannan dogon wuya, ya san wannan faɗin ƙirji. Tunau ya sha siffanta masa su a zaure har ya haddace. Da na gaba suka matso ya ga shaidar wuta a cinyarsu, irin wadda ke jikin tsohon sirdin mahaifinsa. Gadonsa ne ke tahowa a guje zai tattake shi. Ya ɗaga hannu, ya riƙe shi a sama fiye da yadda ya kamata, sannan ya sauke. Kibau suka tashi. Ya ga wani akawal mai farin goshi ya durƙusa cikin ruwa yana haniniya, ya kau da kai.

Karo na farko Kudumawa suka koma. Karo na biyu suka taho da yawa ta hagu, suka fasa sahun masu mashi, wasu suka hau gaɓa. Daga bisa tudu Sarki Dambo ya ga haka, bai jira ya ga ƙarshe ba. Ya juya dokinsa, dogarai suka bi shi, aka naɗe laima, tambura suka yi shiru. Mayaƙan da suka waiga suka ga tudun fayau, wasu suka fara jefar da garkuwa.

A lokacin ne wani tsoho ya keto ta cikinsu a ƙafa, da 'yar hula a kansa, da tsohuwar garkuwa ta fatar giwa. Ba wanda ya san ya biyo rundunar. Ya shiga ruwa har cinya ya tsaya a daidai inda sahu ya fashe, ya juya ya fara kiran mutane ɗaya ɗaya, ba da sunansu ba, da sunan iyayensu. Ya san wanda ubansa ya mutu a wannan mashigi, ya san wanda kakansa ya gina ƙofar yamma. Wanda ya ji sunan ubansa sai ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki garkuwarsa. Mayana ya gane muryar tun kafin ya ga fuskar. Ya ruga ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi.

Ruwan da aka yi a tsaunukan gabas ya iso wajen azahar. Gulbi ya ƙaru, laka ta riƙe dawakin da lifidi ya jiƙe ya yi musu nauyi, 'yan baka suka yi ta zuba musu kibau daga gefe biyu. Kafin la'asar Kudumawa sun watse, waɗanda suka tsira sun ƙetare ba ko waige. Cikin waɗanda aka kama har da jakadan nan da ya zo fada. Tunau kuwa an sare shi a kwiɓi, aka ɗauko shi aka jingina shi da gindin giginya.

Madawaki ya sa aka kawo jakadan gaban hakimai, ya tambaye shi nawa suka riƙa biyan tsohon nan kuɗin dawaki.

Jakadan ya dubi Tunau, ya dubi Madawaki. "Ba mu taɓa sayen doki a Gambaza ba. Kawo mana ake yi. Kuma ba da wannan muka yi alkawari ba, da sarkinku muka yi. A nan, ƙarƙashin giginyun nan, bayan an binne bardenku. Rundunarku ta karye, ba abin da ya hana mu shiga birni sai alkawarin. Ya rantse zai riƙa aiko mana kowace shekara, mu kuma mu rufa masa asiri. Ni na riƙe masa likkafa da zai hau. Wannan tsoho yana tsaye a gefe yana hawaye."

Mayana ya taka a hankali ya durƙusa gaban Tunau, kamar yadda ya saba durƙusawa a zaure.

"Sarki ya rantsar da ni ba zan faɗa ba," tsohon ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Yanzu wani ya faɗa, bakina ya buɗe. Ku kira mini Alƙali. Zauna, ɗana, ka ji bayanin dukiyarku."

Alƙali ya zo ya zauna a ƙasa, hakimai suka kewaye su. Tunau ya fara tun daga ranar da aka danƙa masa dukiyar. Ya ce Sarki bai so ya taɓa baitulmali ba, don idanu da yawa ne a kansa, amma dukiyar marayu mutum ɗaya ne ya san cikinta. Shekarar farko 'yan duƙushi aka kai. Da Kudumawa suka ga irinsu sai suka ce ingarmu suke so, daga baya suka ce goɗiyoyi. Shekarar da aka yi fari hatsi suka nema, aka kwashe rumbuna. Sulke da lifidi su suka tafi daga ƙarshe. Ya ambaci dawakin da sunayen da Ginsau ya sa musu, da shekarar da kowanne ya fita, da wanda ya ja shi zuwa gulbi. Abin da ya ciyar da yaran da abin da ya yi wa Tasalla na aure, ya ce daga nasa ne, kada a sa a ciki.

"Na ce wa Sarki dukiyar marayu ce. Ya ce aro ne, zai mayar. Kowace shekara nakan tuna masa, kowace shekara yakan ce baɗi. Bara ba abin da ya rage sai gonar Rafin Ɗinya. Ya ce a sayar a sayi dawaki a aika. Nan na ce a'a. Shi ya sa Kudumawa ba su ga kome ba, shi ya sa suka zo. Gonar tana nan, ko kunyar shuka ɗaya ban bari an taɓa ba. Ka gaya wa Tasalla."

Mayana ya ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini ni kaɗai, a zaure?"

"Na san jinin wanda ke jikinka. Da ka ji, da ka tafi fada ka faɗa masa a fuska, da ba ka ga wata damina ba. Na ga gara ka tsane ni kana da rai."

Alƙali ya shafa gemu. "Tunau," ya ce, "yau ka tsai da rundunar Gambaza, kowa ya gani, ba mai ƙwace maka wannan. Amma rantsuwar da ka yi wa Sarki ba ta kankare haƙƙin maraya ba. Ka yi kuskure ranar da ka kwance dokin farko, ka ƙara ranar da aka tambaye ka ka yi shiru. Ba naka ba ne da za ka saya wa gari zaman lafiya da shi."

"Na sani, Allah ya gafarta Malam."

Mayana ya ji abu biyu suna kokawa a ƙirjinsa. Ga dawakin mahaifinsa kwance cikin laka, ga hannun da ya kwance su daga turke, kuma shi ne hannun da ya riƙe masa linzami yana yaro. Ya warware rawaninsa, ya ɗaure raunin tsohon da shi, ya sa aka sare rassa aka yi masa abin ɗauka, shi da kansa ya kama gaba.

Alƙali ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ya ce, "Wasiyyi ya faɗi inda dukiya ta tafi. Bayani bai cika ba tukuna. Saura wanda ya ce aro ne."

Washegari da hantsi runduna ta isa Gambaza. Sarki ya riga ya shaida wa mutanen birni cewa an karkashe su duka, ya sa an rufe ƙofofi, mata sun kwana suna kuka. Da masu tsaron ƙofa suka hango tutar Madawaki, da dawakin ganima ana janye da su, ba su jira izinin kowa ba suka buɗe. Al'ada ita ce rundunar da ta ci nasara ta wuce kai tsaye ƙofar fada ta yi gaisuwa. Madawaki Bagudu ya kai mararraba ya ja linzami, ya karya dama, ya nufi zauren Alƙali. Hakimai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Waziri, wanda ya fito tarye da babbar riga, ya tsaya a mararrabar yana duban hanya biyu, daga baya shi ma ya karya dama.

Aka kwantar da Tunau a inuwar zauren. Aka kira Tasalla, ta zo da goyonta ta zauna bayan ƙanenta. Alƙali ya hau buzunsa, ya kira muhutinsa, mai kai sammaci, ya ce ya tafi fada ya gaya wa Dambo magadan Ginsau suna jiransa a gaban shari'a. Bai ce Sarki ba, kowa kuma ya ji bai ce ba.

Muhutin ya tafi da sandarsa. Jama'a suka biyo shi daga nesa don su ga yadda za a kashe shi. Da ya isa ƙofar fada dogarai na tsaye a jere, Sarkin Dogarai a gaba. Suka dube shi, suka dubi taron da ke bayansa. Sarkin Dogarai ya matsa gefe ya jingina da bango, sauran suka buɗe masa hanya.

Mayana yana zaune a bakin zaure, hannunsa a kan hannun tsohon, rana ta fara zafi. Can ya ji hayaniyar titi ta lafa. Ya ɗaga kai ya hango muhuti yana dawowa, a bayansa kuma ga wani mutum guda yana tafe a ƙasa, ba laima, ba algaita, ba mai ce masa hattara. Jama'a suka dare masa ya wuce, amma ba wanda ya durƙusa.